Burodin nan mai gicciye da Turawa ke rububi lokacin Ista, daɗi ne ko ɗoki?

Maman_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, don Allah kar a yi mini dariya. Shekarata biyu ke nan a Leicester ta Ingila, kuma duk sanda Ista ta ƙarato sai in ga kantuna sun cika da wasu ƙananan burodi masu farin zanen gicciye a kai, wai hot cross buns. Abokan aikina tun watan jiya ba su da zance sai nasa. Jiya dai na ce gani ya kori ji, na sayi leda ɗaya mai guda shida, na ɓalli ɗaya a cikin bas na kai baki. Wallahi ban ga abin ɗoki ba. Ga shi a bushe, ga wani ɗaci-ɗaci na ɓawon lemo, ga zabibi yana maƙale mini a haƙori. Ni da na ji an ce buns na ɗauka irin namu na gida ne, soyayye, ɗan uwan fanke. Sauran biyar ɗin na nan kan firji muna kallon juna. To ni ce ban iya ci ba, ko dama abin suna ne kawai? Sannan sai da na haɗiye tukuna gicciyen ya faɗo mini a rai. Ya ma halatta kuwa?

Bakano_a_Bradford: Wa alaikumus salam. Hajiya ai ke kika yi wa burodin laifi. Sunansa ma ya gaya miki da zafi ake cinsa. Ki raba shi biyu ta ciki, ki sa a tosta har gefensa ya fara ja, ki shafa bota mai gishiri, kuma ban da shafar rowa, ki bari ta narke ta shige cikinsa. Sai ki kawo shayi mai kauri. Cin sa da sanyi a cikin bas daidai yake da cin ƙosan da ya kwana, sannan ki ce ƙosai ba daɗi. Amma ki tsaya a kansa, akwai sukari a bayansa, nan da nan yake ƙonewa.

Zee_Gusau: A cikin bas fa! 😂 Anti kin ba ni dariya duk da kin ce kar a yi.

Abu_Sumayya: 'Yar uwa, tambayarki ta biyu ita ce abin dubawa, ba maganar bota ba. Wannan zanen ba ado ba ne, alamar gicciye ce, kuma don tunawa da ranar da suka yi imani an gicciye Annabi Isa (AS) ake yin sa. Mu kuwa Alƙur'ani ya gaya mana a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ba su kashe shi ba kuma ba su gicciye shi ba. Akwai kuma hadisin Nana A'isha a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ni dai ba ya shiga gidana. Burodi ya ƙare ne a Ingila?

Malam_Tanko_Zariya: Malam Abu_Sumayya, Allah ya saka da alheri, amma a bi a hankali wajen yanke hukunci. Hadisin da ka kawo kan abin da ake ajiyewa a gida ne, kamar tufa ko labule. Wannan kuwa fulawa ce da madara, kuma ƙarshenta ciki. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma malamai da dama sun bambanta dabbar da aka yanka saboda wani biki da abin da ba yanka ba. Wanda ya saya da niyyar raya ranar, hukuncinsa daban. Wadda ta saya don ta ga an rage kuɗi, ba na jin za mu ɗora mata laifi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, ya fi masa.

Abu_Sumayya: Barin ai shi ne kuɓuta, Malam.

Rifkatu_Wusasa: Sannunku. Bari in sa baki, ni Kirista ce, a Wusasa aka haife ni, yanzu ina aikin jinya a Birmingham. Don a fahimta, wannan burodin ba shi ne gurasar da ake rabawa a majami'a wajen Jibin Ubangiji ba. Ba a yi masa addu'a, ba fasto ke yin sa ba, injin masana'anta ne ke zuba zanen. Al'adar Ingilishi ce da ta rataya a jikin ranar Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar da ke gab da Lahadin Ista. Asalin abin, kafin Ista akwai azumin kwana arba'in, kuma a da can mutanen Turai kan ƙaurace wa nama da ƙwai da kayan madara a kwanakin. To idan azumin ya zo ƙarewa sai a yi burodi mai zaƙi da kayan ƙamshi. Gicciyen dai ma'anarsa ita ce wadda ɗan uwa Abu_Sumayya ya faɗa, ba zan ɓoye ba, wasu ma suna cewa kayan ƙamshin na tuna waɗanda aka shafa wa jikin Yesu wajen binnewa. Amma mu a gidanmu ban taɓa ganin an ci shi ba. Ranar Ista shinkafa da miyar kaji Mama ke yi, a soya cincin, a aika wa maƙwabta Musulmi, su ma da Sallah su aiko mana da nama. Sai da na zo nan na fara ganin sa, kuma rabin Turawan da nake aiki da su masu rububinsa ba sa zuwa coci ko sau ɗaya a shekara.

Maman_Hanifa: Na gode Anti Rifkatu, wallahi na ɗauka irin na cocin ne, shi ya sa gabana ya faɗi.

Dokta_Sani_Leeds: Ni abin da zan ce a duba shi ne bayan leda. Masu arhan yawanci ba matsala, amma masu tsadar da ake rubuta wa sunaye masu daɗi, wasu ana jiƙa zabibinsu a giya kafin a kwaɓa. Kuma don an rubuta cewa ya dace da marasa cin nama ba ya nufin babu giya a ciki, abu biyu ne daban. Idan daga ƙaramin gidan burodi ne a tambayi da me suka shafe bayansa yake ƙyalli, yawanci ruwan sukari ne, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Ɗan_Tarihi_01: Tunda an taɓo asali, bari in ƙara kaɗan. A garin St Albans, arewa da Landan, suna cewa nasu ne na farko: wai wani ɗan zuhudu mai suna Thomas Rocliffe ya fara yin sa a 1361 yana raba wa talakawa ranar Juma'a Mai Kyau. Har yau babbar majami'ar garin na sayar da nasu a lokacin azumin, kuma gicciyensu da wuƙa ake tsaga shi, ba zuba farin ƙullu ake yi ba. Abin da ya ba ni mamaki, cikin kayan ƙamshin da suke ambata har da citta mai ƙwaya, wadda daga gaɓar Afirka ta Yamma ake kai ta Turai tun zamanin da. Wato kayan yajinmu ya riga mu zuwa Ingila da ɗaruruwan shekaru, kuma shi ba a tambaye shi biza ba.

A 1592, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, an kafa doka a Landan cewa ba a sayar da burodi mai kayan ƙamshi sai ranar jana'iza, ko Kirsimeti, ko Juma'a Mai Kyau. Wanda aka kama ya karya, a ƙwace burodin a raba wa talakawa. Kun ga ke nan hukuma ma ta taimaka wajen ɗaure shi a rana ɗaya. Sunan kansa kuwa, a rubuce an same shi tun 1733, cikin kirarin masu talla a titunan Landan.

Baba_Audu_Kaduna: Kai yaro ka tuna mini da nisa. A firamare an koya mana waƙarsa, muna rerawa muna tafi, ba wanda ya san me ake nufi, har malamin ina jin bai taɓa ganin burodin ba. Abin da waƙar ke cewa shi ne ɗaya kwabo, biyu kwabo. Ashe talla ce kawai, irin ta 'yan matanmu masu kiran a sayi ƙosai da zafi. Ku yaran yanzu ba ku san lissafin ba: in biyu kwabo ne, kowanne ɗari ke nan, wato sisin kwabo. A lokacin kwabo goma sha biyu sule guda. Shi kansa kwabon daga kalmar Turawa ta jan ƙarfe muka aro shi. Yau shekara fiye da hamsin sai ga shi a wayata na ga hoton abin da nake yi wa waƙa.

Zee_Gusau: Baba Allah ya ƙara lafiya. Yanzu kwabo ko ƙamshinsa ba zai saya ba.

Hauwa_Melbourne: Ku a Ingila ma da sauƙi. Mu nan Ostireliya washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, za ka shiga kanti ka tarar an jera shi, ga kayan Kirsimeti ba a gama kwashewa ba. Duk shekara sai an yi ta cece-kuce a rediyo, masu cewa an ɓata al'ada, kuma su ɗin ne dai za ka gani da leda biyu a kwando. Sannan nan mai cakulan ya kusa danne na asalin, musamman wajen yara. Maman_Hanifa in zabibi ne ba kya so, gwada mai cakulan.

Bakano_a_Bradford: A'a Hajiya Hauwa, kar ki ɓatar da ita. Mai cakulan ai kek ne ya sa rigar burodi. Na ga mai cuku, na ga mai tuffa da kirfa, har mai Marmite, wani baƙin abin shafa wa burodi mai gishiri, na gani. Da zarar an cire zabibi da kayan ƙamshi me ya rage? Kamar a ce maka ga kunun tsamiya amma ba tsamiya.

Ummu_Khalil: Ni fa maganar Hajiya Hauwa ce ta tsaya mini, don ina jin nan amsar tambayar farko take. Abincin lokaci rabin daɗinsa jira ne. Ku duba mu da azumi. Kunun gyaɗa da ƙosai ana samu kullum a bakin titi, amma wa ke yi musu ɗokin da ake yi musu ana saura minti biyar a sha ruwa? Dabino yana nan shekara duk, amma sai Ramadan yake zama dabino. Kakata a Katsina, Allah ya ji ƙanta, takan ɓoye wutsiyar ragon layya, ta shanya ta ta bushe ƙamas, ta rataye a ɗaki, ba mai taɓawa sai daren cika-ciki a watan Muharram. Wata guda muna wucewa muna ɗaga kai muna kallonta. Ranar da aka sa ta a miya, kowa ɗan tsoka kamar ƙwayar gyaɗa yake samu, wani ma kitse kawai, amma har yau ban ci naman da ya kai shi ba. Da a ce kullum ake ba mu ita, da mun ce warin daɗewa take yi. Baturen da ke ofis ɗinku ba burodin kaɗai yake ci ba, yana cin hutun kwana huɗu, da ƙarshen sanyi, da kicin ɗin kakarsa. Ke kuwa fulawa da zabibi kika ci, a cikin bas.

Zee_Gusau: An sake dawo da bas ɗin 😭

Issoufou_Lyon: Gaskiya ne Hajiya Ummu. Nan Faransa ba su san wannan burodin ba sam. Nasu na lokaci shi ne wani kek da suke kira galette des rois, a watan Janairu, da ɗan mutum-mutumi ƙarami ɓoye a ciki, wanda ya same shi a yankinsa a sa masa hular sarauta ta takarda. Janairu na wucewa ba ka ƙara ganin ta. Shekarar farko na kusa karya haƙori, ba wanda ya gargaɗe ni.

Sadiq_Peckham: Ni ban yarda da zancen jira ba gaba ɗaya. Abu in yana da daɗi yana da daɗi. Kilishi ba shi da wata, kuma ba wanda ya taɓa raina shi. Manyan kantunan nan yanzu kusan duk shekara suna sayar da hot cross buns, ni kuma duk sati ina saye don ya fi burodin yanka riƙe ciki idan zan fita aikin dare. Ban san Ista ta zo ba sai in ga an ƙara masa kuɗi ko an rage. Maƙwabtana 'yan Jamaika ma nasu daban ne, wani dogon burodi baƙi mai nauyi, a yanka a sa cuku a tsakiya. Wannan kam ya fi na Turawan nesa ba kusa ba.

Rifkatu_Wusasa: Ɗan uwa Sadiq ka tuna mini. A Legas ma akwai abincin Juma'a Mai Kyau, frejon, wake ne ake dafawa ya yi lugub a markaɗa da madarar kwakwa da sukari, a ci da kifi da garin rogo. Zuriyar bayin da suka dawo daga Brazil ne suka zo da shi, kuma saboda 'yan Katolika ba sa cin nama ranar. Wata abokiyar karatuna ta taɓa ba ni. Na ci don kunya, amma wake da sukari bai zauna mini ba, kamar yadda naki burodin bai zauna miki ba, Maman_Hanifa.

Kitchen_ɗin_Asabe: Ni a Kano nake, ina yin kayan fulawa na sayarwa, kuma na gwada shi bara don wata kwastoma da ta dawo daga Ingila ta matsa mini. Ba wuya. Fulawa rabin kilo, yis ƙaramin ƙunshi ɗaya mai giram 7, madara mai ɗumi kamar mil 300, bota giram 50, sukari giram 75, ƙwai ɗaya, gishiri kaɗan, kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. A murza sosai, a rufe ya tashi ya ninka, sannan a zuba zabibi, a raba goma sha biyu, a jera su kusa da juna a faranti su sake tashi har su taɓa juna, don haka ne gefensu ke yin laushi. Farin zanen da kuke ta magana a kai fulawa ce da ruwa kawai, a dama da ɗan kauri, a zuba a leda a yanke ƙusurwa a ja layi. Ba shi da ɗanɗanon komai, wani lokaci ma tauri yake yi kamar igiya. A gasa a obin minti ashirin, yana fitowa a shafe shi da ruwan sukari. Zabibi ya yi tsada a nan, sai na yanka dabino ƙanana na sa, na ƙara citta, kuma ban yi zanen ba. Yarana kafin ya huce sun cinye rabi.

Dokta_Sani_Leeds: Hajiya Asabe in ba zanen ai kin yi abin da suke kira teacake ne, shi ma burodi ne mai zabibi da ake gasawa a shafa bota, kuma kullum akwai shi. Malam Abu_Sumayya ga mafita ta samu.

Abu_Sumayya: Wannan kam ba ni da ja. A kawo da shayi.

Ɗan_Tarihi_01: Cire zanen ma ba ƙaramin rikici ba ne wajensu. A 2024 wani kantin Birtaniya mai suna Iceland ya gwada fitar da wasu da alamar maki, irin wadda malami ke yi wa amsar da ta yi daidai, a madadin gicciye. Har 'yan siyasa sai da suka sa baki, ana cewa ana goge al'adar Kirista, kantin kuma ya ce gwaji ne kawai, na asalin na nan. Kuma camfin da ke jikin burodin nan ya fi ƙarfin zane. A da sun yarda wanda aka gasa ranar Juma'a Mai Kyau ba ya yin fumfuna, sai a rataye ɗaya a kicin wai yana tsare gida daga gobara, in wani ya yi ciwon ciki a kankaro kaɗan a ba shi. Matuƙan jirgin ruwa na tafiya da shi wai kar jirgi ya nutse. A gabashin Landan akwai wata mashaya mai suna The Widow's Son, labarin da ake bayarwa wai wata gwauruwa ce ɗanta ya tafi teku ya ce ta ajiye masa burodin zai dawo da Ista, bai dawo ba, ita kuma duk shekara sai ta gasa ɗaya ta ajiye. Aka mayar da abin al'ada, ranar Juma'a Mai Kyau sojan ruwa ya zo ya ƙara ɗaya a cikin ragar da ke rataye a rufin.

Ummu_Khalil: Allah sarki, uwa. Kun ga su ma suna rataye abinci a ɗaki kamar kakata. Sadiq ka ji ko? Wannan matar ba don riƙe ciki take gasawa ba.

Sadiq_Peckham: Na ji Anti, amma ita ma da ta samu na kanti shida a leda da ba ta sha wahalar murzawa ba.

Nafisa_Glasgow: Ni labarina da shi a azumi ne. A 2024 Juma'a Mai Kyau ta faɗo 29 ga Maris, muna tsakiyar Ramadan. Wata tsohuwa maƙwabciyata, ta haura tamanin, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da rana tsaka da faranti an rufe da tawul, guda huɗu ta gasa da hannunta, suna ta tururi. Ta ce in ci yanzu da zafinsu. Na ce mata ina azumi sai rana ta faɗi. Ta riƙe baki tana ba ni haƙuri kamar ta yi wani babban laifi, ta koma da farantin. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ta je ta tambayi jikanta ƙarfe nawa rana ke faɗuwa. Ana saura 'yan mintuna sai ga ta ta dawo, ta sake ɗumama su, har da 'yar bota a kofi. Ku gaya mini yadda zan ce wa matar nan ba na ci. Na yi bismilla bayan dabino na ci biyu. Da Sallah na kai mata dambun nama, ta ce ya yi mata yaji amma ta cinye.

Malam_Tanko_Zariya: Haƙƙin maƙwabtaka ke nan, Allah ya ba da lada.

Abu_Sumayya: Kyauta daban, saye da kuɗinka daban. A nan ban ce komai ba.

Maman_Hanifa: To jama'a na dawo da rahoto. Na duba bayan leda kamar yadda Dokta ya ce, ba giya. Na raba biyu na sa a tosta kamar yadda Yaya Bakano ya ce, sai dai na tafi ɗauko wa Hanifa takalmi, kafin in dawo ƙararrawar hayaƙi ta tashi gidan duka, zabibin ya zama gawayi. Na biyun na tsaya a kansa. Gaskiya ya canza, ƙamshin kirfa ya cika kicin, kuma da bota ya wuce da shayi lafiya lau. Amma in ce zan yi wata guda ina zancensa kamar mutanen ofis, a'a. Alkaki ɗaya ya fi mini shida. Baban Hanifa ya sa wuƙa ya ɗaye zanen tukuna ya ci, Hanifa kuma ta zauna ta tsince zabibin ɗaya bayan ɗaya ta tara a gefen faranti, ta ci burodin, sannan ta dawo ta cinye zabibin.

Bakano_a_Bradford: Na ce ki tsaya a kansa, Hajiya. Ki bari sai Talata bayan Ista ki koma kanti, za ki samu an manna masa jar takarda ko rawaya an karya kuɗin, ki saya ki jefa a firiza.

Ummu_Khalil: Ka ga irinta ko. A firiza kuma, a ci a watan Yuli?

Zee_Gusau: Anti Asabe don Allah mai dabinon nan, kina aikawa Gusau?